Takardar Bakin Ƙofa

A Valparaíso, can saman tudu,
inda gidaje ke hawa kafaɗar juna don leƙen teku,
muna da ɗaki guda a kan shagon mai ɗinkin taru.
Daren Talata muke haɗuwa, mu biyar,
kan manhajar da ke riƙe wa masunta lissafin awo:
jirgin wane, kilo nawa, ƙarfe nawa ya iso.

Ni na rubuta takardar da ke manne a ƙofa.
Na ce: nan maƙera ce, ba rumfar sayar da lauje ba.
Wanda ya ga ɓaraka ya zo da allurarsa.
Mai son rushe bango
ya fara zana mana wanda zai tsaya a gurbinsa.
A nan ake gardamar ranar fitar da sabon zubi,
a nan ake cewa ban yarda ba, a kuma kawo dalili.
Amma in kalmar sirri ce ta ɓace maka,
ko na'urar buga takarda ta yi yaji,
sauka ƙasa, Nibaldo na nan kowace Asabar,
yana da haƙuri, yana da shayi.

Ba girman kai ba ne. Sa'a biyu gare mu a mako.
Leontina daga asibiti take zuwa, da warin magani a riga.
Aquiles a hannun surukarsa yake barin jariri.
In kowa ya shigo da kukansa,
tuwo zai ƙone ana gaisuwa.

Sai wani dare cikin Afrilu
tsoho Floridor ya hawo,
matakala na kuka a ƙarƙashin takalmin roba.
Bai karanta takardata ba,
ko ya karanta bai ga kansa a ciki ba.
Ya ajiye rasit mai danshi kusa da kwamfutar Aquiles,
ɓawon kifi manne a gefensa.
"Abin nan naku ya ci mini akwati guda."

Na buɗe baki, Asabar na kan harshena,
Leontina ta riga ni: "Wane dare?"
Ya faɗa. Ta yi shiru irin na mai ƙirga bugun jijiya.
Ashe daren da aka mayar da agogon ƙasa baya ne,
sha ɗaya ta yi, ta wuce, ta sake dawowa.
Ya sauke akwati a ta fari, ya sauke wani a ta biyu.
Manhajarmu ta ga suna ɗaya, sa'a ɗaya, nauyi ɗaya,
ta ce maimaici ne, ta share guda.

Layin nan ni na rubuta shi, shekara uku ke nan.
Har yabon kaina na yi don gajartarsa.

Muka kai ƙarfe ɗayan dare. Floridor bai tafi ba.
Yana zaune kan bokitin fenti yana ba da amsa:
wa ke awo da dare, wa ke fara rubutawa a tafin hannu,
abubuwan da ba mu taɓa sanin ana tambaya ba.
An ce mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo.
Mu muka yi rufin, shi ke kwana a ciki.

Takardar tana nan, ban cire ta ba.
Ko makon jiya na tura wani ƙasa,
shi da na'urarsa mai yaji, ya sauka yana gunaguni.
Sai dai a ƙarƙashin layin allura akwai ƙari da fensir,
rubutun Leontina ne, ya ɗan karkace:
wanda ya zo da rana da sa'a da abin da ya ɓace,
a ba shi kujera.

Bokitin fentin dai muke ba shi har yau.
Kujerun namu biyar ne.